Ganuwar Fasassun Tubala

A shekara ta tara da hawan Sarki Ranau gadon sarautar Birnin Gawasa, bayan an gama girbi an zuba hatsi a rumbuna, aka wayi gari Ranar Tubali. Al'adar garin ce, kowace shekara kafin a fara gyaran ganuwa, shugaban magina ya kawo tubalin farko gaban Sarki, Sarki ya ɗora masa hannu, sannan a ba magini izinin magana ɗaya tak. Magabata sukan roƙi bijimi, ko riga, ko su yi wa Sarki kirari su koma gida da goro a aljihu.

Shi kuwa Tunau, Sarkin Magina na wannan zamani, bai taɓa roƙon bijimi ba, bai taɓa roƙon riga ba. Shekara ashirin da uku ke nan yana kawo tubali, kuma maganarsa ba ta sake ba, har fadawa suka sa masa suna Tunau Mai Magana Ɗaya.

Ga asalin maganar. Magina ba sa zama a cikin birni. Unguwarsu, Tudun Magina, tana bayan ganuwa, jifa ɗaya da Ƙofar Yamma, kusa da kududdufan da suke haƙar ƙasa. Birnin kuma yana da doka tun kaka da kakanni: da zarar an hango rundunar abokan gaba, sai a saki gagarabadau, wato ƙaton gungumen da ake tokare ƙofa da shi, kuma ba a ɗaga shi ga kowa sai maƙiya sun kwana uku da tafiya. Wai ƙofa ba ta san fuska ba. To, shekara ashirin da uku da suka wuce, Dunguzawa, mutanen ƙasar Dunguza ta hayin gulbi, suka kawo hari da rana tsaka. Tunau yana saman ganuwa yana yaɓe, sai ya ga gagarabadau ya faɗi, ya ga mutanen unguwarsu sun taru a bakin ƙofa suna duka da hannu. A cikinsu akwai matarsa Kyauta. Yana kallo daga kan ganuwar da ya gina da hannunsa aka gama da su, mutum ɗari biyu da wani abu. Tun daga ranar bai sake shiga birni ta Ƙofar Yamma ba, gara ya zagaya.

Wannan safiya ma ya zagayo ta Ƙofar Kudu, ya iso fada da tubalinsa a kan faifai. Ya tsufa, gemu ya yi fari, tafin hannunsa ya tsage kamar ƙasan tafki da rani. Ya durƙusa, Sarki ya ɗora hannu a kan tubalin, ya ce, "Sarkin Magina, faɗi maganarka."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a sake rufe ƙofa alhali akwai talakawanka a waje."

Fadawa suka fara murmushi, wasu ma sun riga shi faɗa a hankali. Madawaki Jatau, shugaban mayaƙa, mutum mai jiki da murya, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ashe dai bana ma tuwon bara za a ɗumama mana. Tunau, ai kai ka sami ƙofarka. Ko ruwa ya sake tafiya da ita?"

Aka yi dariya, domin kowa ya san abin da yake nufi. A shekara ta uku da fara roƙon, marigayi Sarki Shekarau, mahaifin Ranau, ya gaji da maganar, ya ce cikin raha, "Ƙofa kam ba za ka samu ba, amma fasassun tubalan da ake zubarwa naka ne, je ka gina taka." Fada ta ɗauke shi wasa. Tunau ya ɗauke shi umarni, tunda a gaban shaidu aka faɗa. Doka ta hana talaka buga tubalin ganuwa don kansa, amma ba ta ce komai ba a kan fasasshe. Sai ya shiga kwaso ɓaraguzai, ya jiƙa, ya tattaka da ciyawa, ya sake curawa. Da fari shi kaɗai yake yi, mutanensa ma suna cewa baƙin ciki ya taɓa masa kai. Damina ta rushe ginin sau uku. Bayin Madawaki suka ture shi sau ɗaya, wai ya tsorata musu dawaki. Duk lokacin da ya faɗi, sai a ga Tunau ya koma ya tsugunna yana jiƙa ƙasa. A hankali kunya ta kama maƙwabta, wannan ya kawo tulun ruwa, wancan ya kawo ciyawa, har ya zama kowane gida yana ajiye tubali ɗaya kowace Juma'a. Yanzu ga ganuwa nan ta kewaye Tudun Magina, ta jingina da babbar ganuwa ta ɓangare biyu. Gajera ce, tsawon mutum biyu, launinta ma ba ɗaya ba, amma kaurinta jaki biyu sa jera a kai.

Sarki bai kai ga ba da amsa ba, sai ga manzo ya faɗo fada, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, daga bakin iyaka nake. Gagare, Sarkin Dunguza, ya haye gulbi jiya da mayaƙan da ban iya ƙirgawa ba. Ya ce ubansa ya tsaya a bakin ƙofarka, shi kuwa a zaurenka zai sha ruwa. Jibi war haka yana Fadamar Giginya."

Dariya ta ɗauke. Sarki ya sallami kowa sai manyan majalisa, amma ya manta da Tunau, wanda yake durƙushe a gefe da faifansa, shi ma bai tuna wa kowa ba.

Madawaki ya fara. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, shawarata biyu ce. Mu fita mu tare Gagare a fadama, kada ya ga ko inuwar ganuwarmu. Kafin nan kuma a rushe wannan tarkacen na magina. Ganuwa a jikin ganuwa tsani ce ga maƙiyi. In ya kama ta, daga kanta zai hau tamu. Sannan ga abin da aka gani shekaranjiya: zumar da take cikin kukar ƙofar fada tun zamanin kakanka ta tashi gaba ɗaya, ta je ta sauka a jikin ginin nan. Ruwa ba ya tsami banza. Albarkar fada ce ake ja waje."

Galadima Cindo, dattijon majalisa, wanda ya yi wa sarakuna uku hidima, ya gyara zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya fassarar tashin zuma ba, abin da na sani ba ta zama inda ba ta sami aminci ba. Ina cikin fadar nan ranar da mahaifinka ya ba Tunau fasassun tubala, kuma ina cikin waɗanda suka yi dariya. Yau ba na dariya. Mutum dubu ne a bayan ginin can. In ka rushe shi, ka kuma rufe musu ƙofa, to ka yanka su ne da kanka, Gagare wuƙa kawai zai ara maka."

Madawaki ya ce, "Galadima, tsufa ya sa maka tausayi. Ka manta dalilin dokar? A zamanin da, maƙiya suka saje da masu gudu, suka shigo, suka ƙone rabin gari. Mai tsaron ƙofa ba zai iya tantance fuska dubu a cikin ruɗani ba."

A nan Tunau ya ɗaga kai. Ya ce, "Mai tsaron ƙofa ba zai iya ba, ranka ya daɗe, domin bai taɓa cin tuwo da mu ba. Mu mun san junanmu."

Madawaki ya juya a fusace, ya ce, "Wa ya ba ka magana ta biyu?"

Sarki ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ranau ba azzalumi ba ne, sai dai matashi ne mai tsoron a ce ya sassauta abin da ubansa ya ɗaure, kuma irin wannan tsoro ya kashe mutane fiye da zalunci. Ya ce, "Ba ni da lokacin rushe gini, hannuwan da za su rushe shi ina bukatarsu a fadama. A bar shi. Doka kuwa tana nan inda na same ta." Ya sa aka kira Sarkin Ƙofa Barmo, wani busasshen mutum wanda bai taɓa karya umarni ba, ya ce masa, "Barmo, ni da kaina zan ja rundunar nan. In ka hango tutar Dunguza, saki gagarabadau a duk ƙofofi. Kada ka ɗaga wa kowa, ko da muryata ka ji."

Barmo ya ce, "An gama, Zaki."

Tunau ya ɗauki faifansa, ya yi sallama, ya fita. Bai yi fushi a fili ba. Ya koma unguwa ya sa aka cika randuna da ruwa, aka tara duwatsu da busassun tubala a kan gini, aka sare sarƙaƙiya aka zuba a tsakanin kududdufai. Ya zaɓi tsofaffi huɗu, mata biyu maza biyu, waɗanda babu haihuwar da aka yi a Tudun Magina ba su je suna ba, ya zaunar da su a bakin ƙofarsa. Ƙofar kuwa ƙarama ce, doki ɗaya take ɗauka.

Ran jibi da hantsi aka gamu a Fadamar Giginya. Tambari ya yi ƙara, kibau suka tashi, Madawaki ya kutsa tsakiyar Dunguzawa da manyan barade, suka ja da baya kamar sun karye. Ashe tarko ne. Gagare ya ɓoye rabin mutanensa a cikin dogayen ciyayi, da Gawasawa suka zurfafa sai aka rufo su ta baya. Kafin azahar tutar Gawasa ta faɗi sau biyu. Mashi ya sami Madawaki a cinya, dokin Sarki ya sha kibiya a wuya. Galadima ya kama linzamin Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, gudun da ya tsirar da gari ba abin kunya ba ne. Mu koma bayan ganuwa."

Suka juya da abin da ya rage, mutum kamar ɗari bakwai, Dunguzawa na biye da su ƙafa da ƙafa. Da la'asar suka iso Ƙofar Yamma, suka tarar da ita a rufe. Barmo ya hango tutar Dunguza tun daga nesa, ya yi abin da aka ce ya yi.

Madawaki ya doki ƙofar da gindin mashi, ya ce, "Barmo, buɗe! Sarki ne."

Daga sama Barmo ya amsa, "Na gan shi, Madawaki. Shi ya ce ko muryarsa na ji. Na rantse a gabansa."

Sarki ya sauka daga doki, ya ɗora tafinsa a kan ƙofar. A jikin katakon, daidai ƙirjin mutum, akwai tsofaffin sare-saren takobi da ba a taɓa gyarawa ba. Shekara tara yana wucewa ta nan a kan doki, bai taɓa lura da su ba sai yau. A bayansa ana jin ihun Dunguzawa yana matsowa. Kai, duniya. Wanda ya gina ramin nan bai gina shi gajere ba.

Sai wata murya ta zo daga hagu, ba ta da ƙarfi amma kowa ya ji ta. Tunau ne tsaye a bakin 'yar ƙofarsa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, nan a buɗe take."

Ba wanda ya tsaya shawara. Amma Tunau bai bari a yi turereniya ba. Ya sa Galadima da jarumai uku suka tsaya tare da tsofaffin nan huɗu, duk wanda ya zo sai an kira sunansa ko sunan gidansu kafin ya wuce. Maharban magina suna kan gini suna tsare baya. A cikin masu shiga aka sami mutum uku sanye da rigunan Gawasawa waɗanda ba wanda ya san su. Wata tsohuwa ta dubi ɗaya ta ce, "Kai ɗan gidan wa?" Ya yi inda-inda, nan take aka ɗaure su. Madawaki yana kwance a kan garkuwa ana ɗauke da shi, ya ga wannan da idonsa, ya kau da kai. Sai da na ƙarshe ya shige, wani gurgun mai ganga, sannan Tunau ya sa aka rufe.

Gagare ya iso yana tsammanin abin da ubansa ya tarar, taron mutane manne da ƙofa ba su da wajen gudu. Sai ya tarar da fili fayau da wata gajeriyar ganuwa mai dabbare-dabbare. Ya yi dariya, ya ce a ture ta. Dawakai suka zabura, suka faɗa cikin sarƙaƙiya da taɓon kududdufai. Dakaru suka kawo itatuwa suna dukan gini, amma ƙasar da aka jiƙa aka sake curawa shekara ashirin ta zama kamar dutse, itacen ne yake tsagewa. Masu tsani suka kafa, magina suka sakar musu tubala a ka, mata na miƙo duwatsu da tafasasshen ruwa. Zumar nan ma da aka dame ta da duka ta fito, kuma waɗanda suke dukan ta fara samu. Daga saman babbar ganuwa kuma Barmo, wanda bai iya buɗe ƙofa ba amma ya iya harbi, ya jera maharban birni suna zuba kibau a kan duk wanda ya matso. Sarki Ranau da kansa ya hau gini, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wani mai tattaka ƙasa wanda ko sunansa bai sani ba.

Sau huɗu Dunguzawa suna kawo farmaki kafin faɗuwar rana, washegari suka ƙara uku. A na ƙarshe tubali ya sami Gagare a kafaɗa ya faɗo daga doki, aka ja shi baya. Kafin azahar sun naɗe kayansu sun nufi gulbi, Gawasawa ɗari biyar suka fita ta 'yar ƙofar nan suka raka su da mashi har fadama.

Yaƙi ya ƙare, amma doka ba ta ƙare ba. Barmo ya ce kwana uku, kuma kwana ukun ya ƙirga. Sarkin Gawasa ya zauna a zauren magini, ya ci tuwon dawa da miyar kuka a akushi ɗaya da masu gida, ya ji sunayen mutum ɗari biyu da wani abu daga bakin 'ya'yansu. Ba wanda ya yi masa gori, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

Rana ta huɗu da safe aka ɗaga gagarabadau. Sarki bai shiga ba. Ya sa aka shimfiɗa buzu a fili tsakanin ƙofofin biyu, ya tara majalisa da jama'ar ciki da ta waje. Madawaki ya nemi magana, aka tallafe shi ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na kira ginin nan tarkace, kuma a cikinsa aka ɗaure mini rauni. Na ce ba a iya tantance fuska, na ga tsohuwa ta yi. Gani ya kori ji. Tunau, ka yafe mini."

Tunau ya ce, "Ya wuce, Madawaki."

Sarki ya ce, "Ku shaida. Daga yau Tudun Magina cikin birni yake. A fasa babbar ganuwa tsakaninmu da su, a ɗaga tasu da tubalin sarauta har ta kai tamu. Wannan gagarabadau kuma, na ba Sarkin Magina. Ya kai shi ƙofarsa, in an hango maƙiyi ya sake shi kamar kowane ɗan birni."

Jama'a suka ɗauki guɗa da kabbara. Tunau kuwa bai motsa ba. Da hayaniya ta lafa, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara maka nasara, na gode. Sai dai bayan tawa ganuwar ma akwai mutane. Akwai manoman ƙauyuka, akwai makiyaya, akwai masu su a gulbi. In na saki gungumen nan a kansu, wani zai tsaya a kan ginina yana kallon abin da na kalla."

Sarki ya dube shi ya ce, "Baba Tunau, shekara ashirin da uku kana magana ɗaya. Yau ka samu, sai ka zo da ta biyu?"

Tunau ya ce, "Ita ce dai ta farkon, ranka ya daɗe. Ban ce a shigar da magina ba. Cewa na yi kada a rufe ƙofa alhali akwai talakawanka a waje."

Sarki ya kira Barmo, ya ce, "Sarkin Ƙofa, ka riƙe tsohuwar doka har a kaina, ban ga laifinka ba. Ga sabuwa, ka riƙe ta haka. Kowace ƙofa ta Gawasa za ta sami dattawa daga ƙauyukan da take kallo, waɗanda suka san mutanensu. Gagarabadau ba zai faɗi ba sai an kira sunan na ƙarshe ya shiga. Wanda ya gaje ni, a karanta masa wannan kafin a naɗa masa rawani."

Barmo ya ce, "An gama, Zaki."

Aka busa kakaki, aka kawo wa Sarki doki. Ya ƙi hawa, ya ja baya daga bakin ƙofa, ya ce Sarkin Magina ne zai fara shiga. Tunau ya taho a hankali, jama'a na buɗe masa hanya. Da ya kai Ƙofar Yamma sai ya tsaya, ya ɗora tsagaggen tafinsa a kan sare-saren nan na jikin katako, ya ce a hankali, "Kyauta, an buɗe."

Sannan ya taka ya shige, mutanen Tudun Magina suka bi bayansa, Sarki ya shiga a ƙarshe.